Rami, Burtsatse, Mashi ko Na'ura: Wane Binciken Ƙasa Ya Dace Kafin a Gina Unguwa?

Fili ya samu, takardu sun kammala, mai zane har ya fara jera gidaje da tituna a kwamfuta. Sai aka nemi masu binciken ƙasa su kawo farashi, kowa ya zo da nasa zancen. Na farko ya ce ramuka 12 da katafila sun isa, kwana biyu an tashi. Na biyu ya ce muddin ba a haƙa burtsatse an ciro samfuri ba, wasa ake yi. Na uku ya sauke wayoyi da kwamfuta, ya ce zai faɗa maka abin da ke cikin ƙasa ba tare da ya tona ko taƙi ɗaya ba. Farashin wani ya fi na wani ninkin-ba-ninkin. Kai kuma da kuɗin zai fita daga aljihunka, ka rasa wanda za ka bi.

Kowannensu yana da gaskiya a kan abin da kayan aikinsa ke iya gani. Inda gizo ke saƙar shi ne fili ɗaya yana ɗauke da tambayoyi uku, kuma babu na'urar da ke amsa su duka.

Tambayoyin uku

Ta farko ita ce girgizar ƙasa, ita ma gida biyu ta rabu. Akwai ƙarfin girgizar da ake sa rai a yankin baki ɗaya, wanda ake samu a taswirar hukuma da dokar gini. Sannan akwai abin da ƙasar filinka za ta yi da girgizar in ta iso. Ranar 19 ga Satumba 1985 girgiza mai ƙarfin maki 8.0 ta afku a gaɓar tekun Meksiko, nisan fiye da kilomita 350 daga babban birnin ƙasar, amma a birnin aka fi yin ɓarna. Tsakiyarsa tana zaune ne kan lakar tsohon tafkin Texcoco, laka mai laushi da ke kaɗawa sau ɗaya cikin sakan 2 ko kusa da haka. Benaye masu hawa 6 zuwa 15 da kaɗawarsu ta zo daidai da ta lakar suka yi ta ƙara lilo har suka zube, alhali gajerun tsofaffin gine-gine da yawa a gefensu suna tsaye. A Niigata ta Japan kuwa, a 1964, wani abu daban aka gani: yashi sako-sako da ruwa ya cika ya narke lokacin girgizar, benaye suka kwanta a gicciye bangonsu bai ko tsage sosai ba.

Ta biyu ita ce ƙasar kanta ko da girgiza ba ta taɓa zuwa ba. Nauyi nawa za ta ɗauka? Za ta lotsa, kuma in za ta lotsa, daidai wa daida ne ko gefe ɗaya zai riga? Hasumiyar Pisa a Italiya, da aka fara ginawa a 1173, ta karkata ne saboda ƙasar kudancinta ta fi ta arewa laushi. Akwai kuma yumɓun da ke kumbura in ya sha ruwa ya motse in ya bushe, mai tsaga bangon ƙananan gidaje a hankali, shekara bayan shekara.

Ta uku zaizayar ƙasa ce. Ita ta bambanta da sauran, domin mafi yawan lokaci daga bayan katangarka take tahowa.

Abin da ya ratsa ukun duka shi ne ruwa. Yashi ba ya narkewa sai ya jiƙe sharkaf, yumɓu ba ya kumbura sai ya sha, kwazazzabo ba ya buɗe baki sai an tara masa ruwa wuri ɗaya. Duk rahoton da bai faɗa maka inda ruwa yake da inda yake tafiya ba, rabin aiki ne, komai kaurinsa.

Ma'aunan da za a ɗora su a kai

Kafin ka kalli farashi, tambayi kowace hanya abu shida. Wace tambaya take amsawa cikin ukun? Iya ina take kaiwa, a zurfi da kuma a faɗi? Tana fito da ƙasa a hannu a kai ɗakin gwaje-gwaje, ko lambobi kawai take bayarwa? Nawa take ci na kuɗi da lokaci, kuma kayan aikinta za su iya shiga filin? Sakamakonta yana da ƙarko, ko bayan damina biyu ya tsufa? Na ƙarshe, wanda masu kawo farashi ba su cika son ambata ba: a ina take ruɗin mutum?

Game da kuɗi, abu ɗaya ya kamata ka riƙe. A mafi yawan ayyukan gini binciken ƙasa gaba ɗayansa ba ya kai kashi 1 cikin 100 na kuɗin aikin. Tazarar da ke tsakanin mai araha da mai tsada a nan ƙarama ce in aka gwada ta da kuɗin gyaran fandisho guda ɗaya bayan an tare.

Binciken takardu da zagayen ƙafa

Wannan ya fi kowanne araha, kuma shi aka fi tsallakewa. Injiniya ya zauna da taswirar duwatsun yankin, da taswirar haɗarin girgiza, da tsofaffin hotunan sama, da rahotannin ramukan da maƙwabta suka taɓa haƙawa, sannan ya sa takalmi ya taka filin lungu da saƙo. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat sun faro tun 1972, kuma kyauta ne. Cikinsu ake gano cewa wurin da yau ya yi shafal, a da kududdufi ne ko juji ko ramin ɗibar ƙasa da aka cike. Cibiyar GEM mai nazarin girgizar ƙasa da ke Pavia a Italiya ta fitar da taswirar haɗarin girgiza ta duniya a 2018, ta sabunta ta a 2023. Tana da amfani wajen samun hoton farko, amma dokar ginin ƙasar da filin yake ita ce abin bi.

Yawancin waɗannan taswirori suna nuna girgizar da ke da damar kashi 10 cikin 100 ta auku cikin shekara 50, abin da ake kira girgizar shekara 475. Kada lambar ta kwantar maka da hankali. Matsakaicin lissafi ne, ba alƙawari ba ne, tana iya zuwa baɗi. Kuma adadin da ke jikin taswirar na kan dutse ne, bai san lakar filinka ba.

Zagayen ƙafa shi ke nuna abin da takarda ba ta da shi: bishiyoyin da suka sunkuya a kan gangare, tsagar bangon maƙwabta da inda ta dosa, ciyawar da ke kore shar a tsakiyar rani, bakin kwalbatin da ke zubo ruwa cikin filin. Zuwa da kai ya fi aike. Rauninsa a fili yake, ba ya ba da lambar da za a zana fandisho da ita. Aikinsa ya nuna maka inda za ka kashe kuɗin sauran.

Ramin gwaji

Katafila ta tona rami mai zurfin mita 3 zuwa 4, injiniya ya kalli jerin ƙasa da idonsa, ya ɗebi samfuri, a mayar. A rana ɗaya ana iya yin ramuka da dama. Babu hanyar da ta fi shi fallasa ƙasar ciko, ɓaraguzan tsohon gini, saiwoyi da shara, domin burtsatse mai faɗin tafin hannu yana iya wucewa ta gefensu bai taɓa su ba.

Iyakarsa zurfi. Fandisho yana matsa ƙasa har zuwa zurfin da ya kai faɗinsa sau ɗaya da rabi ko fiye. Gida mai hawa ɗaya ko biyu a kan siririn fandisho, rami ya ishe shi. Bene mai shimfiɗar kankare faɗin mita 20 kuwa, nauyinsa yana kaiwa mita 30 ƙasa, inda ramin bai ko ji ƙanshinsa ba. Narkewar yashi ma tana faruwa har zuwa zurfin mita 15 ko 20. In ruwa yana kusa, bangon ramin rushewa yake yi. A nan akwai maganar rai: kada kowa ya shiga ramin da ya wuce mita 1.2 ba a tokare bangonsa ba, domin ƙasa mai girman mita ɗaya ta kowane gefe tana kai nauyin tan ɗaya da rabi ko fiye. Sannan kada a tona shi daidai inda fandisho zai zauna, ƙasar da aka mayar ba ta komawa yadda take.

Burtsatse da gwajin guduma

Wannan shi ne ƙashin bayan binciken ƙasa a duniya. Ana haƙa rami siriri mai zurfin mita 10, 20, 30 ko fiye. Duk bayan mita 1.5 a dakata, a zura bututun ɗaukar samfuri, a riƙa sako masa guduma mai nauyin kilo 63.5 daga tsayin santimita 76. Ana kora bututun santimita 45, a ƙirga bugun da ya ci kafin ya shige santimita 30 na ƙarshe. Wannan adadin shi ake kira N, gwajin kuma SPT. Yashin da N ɗinsa bai kai 10 ba sako-sako ne, wanda ya wuce 30 ya cushe sosai.

Abin da ya ɗaga darajarsa shi ne ƙasa tana fitowa a hannu. A ɗakin gwaje-gwaje za a tankaɗe ta a ga girman ƙwayoyinta, a auna danƙon yumɓunta don sanin ko mai kumburi ne, a matsa ta a ga yawan lotsawar da za ta yi da tsawon lokacin da za ta ɗauka, a duba gishirin da ke cin kankare da rodi. Ba wata hanya a wannan jerin da ke ba da duk wannan. Hanyar lissafin narkewar yashi da injiniyoyi Seed da Idriss suka fitar a 1971, wadda har yau ake aiki da 'ya'yanta, da lambar N aka gina ta. Kuma burtsatse yana ratsa tsakuwa da dutse, ya faɗa maka ko fa na gaske ka tarar ko wani ƙaton dutse ne kawai da ke kwance cikin laka.

Amma gwajin guduma ya dogara ƙwarai da hannun mai yi. Guduma biyu masu nauyi ɗaya ba lalle su isar da ƙarfi ɗaya ga bututun ba, shi ya sa ake daidaita sakamako zuwa kashi 60 cikin 100 na ƙarfin faɗuwa. In rahoto bai nuna an auna gudumar ba, ka tambaya. Tsakuwa ɗaya da ta toshe bakin bututu tana sa ƙasa mai rauni ta yi kama da mai ƙarfi. A laka mai laushi lambar N kusan ba ta da ma'ana, sai an ɗauko samfuri da siririn bututu ba tare da an dagula shi ba. Kuma tunda santimita 45 ake gwadawa cikin kowace mita 1.5, fiye da kashi biyu cikin uku na ramin ba a buga shi ba. Siririn shimfiɗin laka mai kaurin taƙi ɗaya yana iya ɓuya a tsakani, kuma a kan irinsa gangare ke zamewa.

Shi ya fi tsada a kowace mita, ya fi cin lokaci, ga jiran ɗakin gwaje-gwaje na makonni. A madadin haka sakamakonsa ya fi na kowa ƙarko. Jerin ƙasar da aka rubuta yau zai yi amfani bayan shekara 30, muddin ba a yi ciko ko yanka a wurin ba.

Ramuka nawa? Dokar Turai ta Eurocode 7, a bugunta na 2007, ta ba da shawarar tazarar mita 15 zuwa 40 tsakanin wuraren gwaji ga dogayen benaye da masana'antu, da mita 20 zuwa 200 ga tituna da makamantansu. In za a kafa gini kan turakun kankare, ramin ya zarce ƙarshen turken da aƙalla mita 5. Wanda ya kawo maka farashi mai daɗi da ramuka biyu a fili mai hekta 10, ba rangwame ya yi maka ba.

Wata shawara a gefe, wadda na fi son ka ɗauka ko da ka watsar da sauran. Kafin a rufe ramin, a bar bututun roba mai huji-huji a ciki, a yi masa murfi, a riƙa auna zurfin ruwa duk wata har damina ta shiga ta fita. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Zurfin ruwan da aka gani ranar haƙa labarin rana ɗaya ne kawai. A Palu ta Indunusiya, girgizar 28 ga Satumba 2018 ta sa unguwar Petobo ta malale kamar taɓo a kan gangaren da ido da ƙyar yake ganin karkatarsa, kuma masu bincike sun danganta abin da magudanar ban-ruwa da ta ɗago ruwan ƙasa kusa da sama.

Mashin CPT

A Holan aka ƙirƙiro shi a shekarun 1930, ƙasar da kusan duk laka da yashi ce. Mota mai nauyin kusan tan 20 tana danna sandar ƙarfe mai tsini cikin ƙasa, santimita 2 a kowane sakan, ba bugu ba haƙa. Na'urorin da ke jikin tsinin suna auna turjiyar ƙasa a baki, da gogayya a gefe, da matsin ruwa, duk bayan 'yan santimitoci. A lissafi mita 20 ba ta wuce minti 17 na dannawa, don haka aikin da burtsatse zai kwana yana yi, mashi ya yi wurare da dama kafin la'asar.

Wajen gano siraran shimfiɗu da auna haɗarin narkewar yashi, a ganina ba shi da na biyu. Hannun ma'aikaci ba ya canza sakamakonsa kamar yadda yake yi a gwajin guduma. Bayan girgizar 22 ga Fabrairu 2011 a Christchurch ta Niyu Zilan, wadda ta kashe mutum 185 ta kuma cika tituna da yashin da ya ɓullo daga ƙasa, dubban gwaje-gwajen mashi aka yi a birnin don rarrabe inda za a sake gini da irin fandishon da za a yi. Akwai kuma nau'insa mai auna saurin girgiza, wanda ke jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Aibinsa biyu. Ba ya fito da ƙasa, nau'inta hasashensa ake yi daga lambobi, saboda haka kumburin yumɓu da gishirin da ke cin kankare sun fi ƙarfinsa. Sannan in ya ci karo da tsakuwa mai kauri, marmara ko dutse, nan ya tsaya, wani lokaci a mita 3 kacal, alhali laka mai laushi tana kwance ƙarƙashin wannan ɓawon. Ba ko'ina ake samun motar ba, kuma in daga nesa za a kawo ta, kuɗin jigila yana cinye arahar. A kan tudu mai duwatsu ɓarnar kuɗi ne.

Na'urorin sauraron ƙasa

Ana jera ƙananan na'urori, galibi 24, a layi ɗaya, a bugi farantin ƙarfe da babbar guduma, kwamfuta ta lissafa saurin tafiyar girgiza a kowane zurfi. Wannan dabarar, MASW, a Kansas ta Amurka aka inganta ta a ƙarshen shekarun 1990. Abin da ake nema shi ne matsakaicin sauri a mita 30 na sama, domin da shi dokokin gini ke rarraba filaye. A Eurocode 8, dokar Turai kan girgiza, bugun 2004, sama da mita 800 a sakan dutse ne, 360 zuwa 800 ƙasa mai tauri sosai, 180 zuwa 360 matsakaiciya, ƙasa da 180 mai laushi. Kowane aji da irin ƙarfin da za a zana ginshiƙai su jure, wato lambar nan tana shiga kai tsaye cikin yawan rodin da za ka saya.

Akwai ƙanwarta mai sauƙi, wadda wani injiniyan Japan mai suna Nakamura ya yaɗa a 1989: na'ura ɗaya a ajiye a ƙasa kamar rabin sa'a tana sauraron ƙananan motsin da ba a ji, ta fito da kaɗawar da filin ya fi so. Ga misali. Laka mai kaurin mita 30 da girgiza ke ratsawa da saurin mita 150 a sakan tana kaɗawa sau ɗaya cikin sakan 0.8. Bene kuma, a ƙiyasin farko, yana ɗaukar sakan 0.1 a kowane hawa. Ke nan mai hawa 8 a wannan filin shi ne zai shiga irin halin da benayen Meksiko suka shiga. Sanin haka tun zane yana kan takarda ya fi sauƙin gyara.

Suna da sauri, ba sa ɓata fili, mutum uku sun ɗauki kayan a hannu, kuma suna cike gurbin da ke tsakanin ramuka. Ta uku a gidansu, mai tura lantarki cikin ƙasa, tana taimakawa wajen gano kogo da ruwa da tsohuwar hanyar rafi da ta binne. Sai dai hotunansu masu launi-launi suna da saurin burge mai kuɗi fiye da yadda suka cancanta. Sakamako ɗaya yana iya dacewa da jerin ƙasa iri biyu ko uku, sai an ɗaure shi da burtsatse ko da guda ɗaya kafin a san wanne ne. Bututun ƙarfe da wayoyin da ke binne suna rikita mai lantarkin. Ban yarda a zana fandisho da su kaɗai ba.

Awon gangare da bin sawun ruwa

Duk hanyoyin da suka gabata ƙasa suke kallo. Zaizaya kuwa sai an ɗaga kai an kalli tudu. A nan zaɓi biyu ne. Na farko lissafin USLE da Wischmeier da Smith suka tsara a ma'aikatar gona ta Amurka, wanda littafinsa na 1978 ya shahara, daga baya aka sabunta shi zuwa RUSLE. Yana haɗa ƙarfin ruwan sama, da nau'in ƙasa, da tsawo da karkatar gangare, da ciyayi, da matakan kariya, ya ba da tan nawa ke tafiya a hekta a shekara. Yana da araha, kuma yana da amfani wajen ƙiyasta lakar da za ta wanke lokacin da aka share fili ana gini. Amma don gonaki aka yi shi, kuma ba ya hango kwazazzabo, wanda shi ne ke cin gidaje a birni.

Na biyu shi ne awon fili na ainihi da lissafin ruwan da zai malalo. Taswirar tudu da kwari ta kyauta da aka samo daga awon SRTM da aka yi daga sararin samaniya a shekarar 2000 tana kallon ƙasa ne mita 30 bayan mita 30, kwazazzabo mai faɗin mita 10 yana iya ɓacewa a cikinta. Jirgi marar matuƙi yana sauko da wannan zuwa 'yan santimitoci, in kuma bishiyoyi sun rufe wurin sai mai na'urar leza. Dole awon ya haɗa da duk tudun da ke zubo wa filin ruwa, ko da na wani ne.

Ga dalili. Ɗauki hekta 10 da ake yi wa ruwan milimita 50 a sa'a. Tana daji, wataƙila kashi 20 cikin 100 ne ke malala, kusan lita 280 a sakan. In aka rufe ta da kwano da kwalta har kashi 80 ya koma malala, an haura lita 1,100 a sakan, kuma yanzu duk ta bakin lambatu ɗaya yake fita. Manyan kwazazzaban da ke cin unguwanni a tuddan yashi na Kinshasa, da yawansu daga irin wannan bakin magudanar titi suka faro. Akwai gwaji mai sauƙi da ya kamata a haɗa: a jefa ɗan curin ƙasa cikin kofin tataccen ruwa, in ruwan ya yi gajimare kewaye da shi ba tare da an motsa ba, yumɓun mai watsewa ne, ruwa zai riƙa yi masa rami ta ciki.

Wannan sakamakon shi ya fi saurin tsufa. Ranar da maƙwabcin sama ya zuba kwalta, lissafinka ya tashi aiki. Don haka a yi shi bisa zaton tudun duka zai cika da gini.

A taƙaice cikin jadawali

| Hanya | Abin da ta fi amsawa | Zurfi | Kuɗi | Sauƙi | Ƙarkon sakamako | Inda take ruɗi |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Takardu da zagaye | Hoton farko na ukun | Babu | Kaɗan ƙwarai | Ko'ina | Matsakaici | Ba lambar zane |
| Ramin gwaji | Ƙasar sama, ciko | Mita 3–4 | Kaɗan | Sai katafila ta shiga | Mai kyau | Abin da ke ƙasa da shi |
| Burtsatse da SPT | Ƙarfi, lotsawa, kumburi, narkewa | Mita 30 ko fiye | Mai yawa | A hankali | Mafi daɗewa | Hannun ma'aikaci, siraran shimfiɗu |
| Mashin CPT | Narkewa, laka mai laushi | Mita 20–30 in ƙasa ta bari | Matsakaici | Sauri, sai babbar mota | Mai daɗewa | Ba samfuri, dutse na tsayar da shi |
| Na'urorin sauraro | Ajin girgiza na fili | Kusan mita 30 | Kaɗan zuwa matsakaici | Kayan hannu | Mai daɗewa | Fassara fiye da ɗaya |
| Awon gangare da ruwa | Zaizaya, ambaliya | Sama kawai | Matsakaici | Sauƙi | Gajere | In an tsaya a iyakar fili |

Wa ya dace da wanne

Mai gina ƙananan gidaje masu hawa ɗaya ko biyu a fili mai tauri, a yankin da taswira ta nuna girgiza kaɗan ce: takardu da zagaye, ramukan gwaji da yawa, samfuri zuwa ɗakin gwaje-gwaje don duba kumburi, da burtsatse ɗaya ko biyu a wurin da ya fi kwari don tabbatarwa. Mashi da na'urorin sauraro ba dole ba ne.

Mai benaye daga hawa 4 zuwa sama, ko makaranta, ko asibiti: burtsatse ba abin ciniki ba ne, bisa tazarar da doka ta faɗa. In yankin na girgiza ne a ƙara MASW, kuma a kwatanta kaɗawar fili da tsayin da ake son yi kafin a tsayar da yawan hawa.

Mai fili a bakin kogi, gaɓar teku, fadama, ko wurin da aka cike: mashi ya zama shi ne mai yawa, burtsatse kaɗan a gefen wasu daga cikin wuraren mashin don a ga ƙasar da ido, da bututun auna ruwa na shekara guda. Unguwar Marina ta San Francisco, da aka gina kan ciko, tana cikin wuraren da suka fi jin jiki a girgizar 1989 duk da nisanta da inda abin ya tashi.

Mai fili a kan gangare ko ƙarƙashin tudu: fara da awon gangare da lissafin ruwa tun kafin a zana titi ko ɗaya, domin titunan su ne za su zama rafuka. Sannan burtsatse a jere daga sama zuwa ƙasa, ana ciro samfuri ba tsallake, don neman shimfiɗin da zai iya zamewa. A bi ruwan har inda zai faɗa rafi na asali, a san wa zai gina wannan magudanar da wa zai riƙa yashe ta.

Mai filin da taswira ta nuna tsagar ɓawon ƙasa mai rai, wato mai iya motsawa ta haifar da girgiza, tana ratsawa ko tana kusa: babu ɗaya cikin shidan da ta wadatar. Sai an tona dogon rami a gicciye, masanin duwatsu ya gano ainihin layin, a ja baya daga gare shi. Kaliforniya ta kafa dokar Alquist-Priolo a 1972 bayan girgizar San Fernando ta 1971, kuma a ƙarƙashinta an saba barin ƙafa 50, kusan mita 15, tsakanin gidan zama da tsagar. Wannan zirin sai ya zama lambu ko wurin ajiye motoci.

In kuma kuɗin hannunka ba zai ɗauki komai a lokaci ɗaya ba, raba kwangilar gida biyu. Ka biya binciken takardu da zagaye da awon gangare tukuna, a hannun injiniyan da ba shi da motar haƙa da yake son ta yi aiki. Shi zai rubuta yawan ramuka da zurfinsu da wuraren da za a yi su, sannan ka miƙa wa kamfanonin nan uku takarda iri ɗaya, kowa ya sa farashinsa a kan aiki ɗaya.